Zauren Masunta: Totuwa, dalma da ɗan ƙwallon ƙugiya a ruwa mai gudu

Damina ta kankama, gulbin Maraɗi ya kawo, wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kuma yawancinsu a kan fatsa a ruwa mai gudu suke. Mun taƙaita masu tsawo, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana da ke zaune a Amurka ya aiko mini da akwatin kayan fatsa. A ciki akwai wasu ƙananan ƙwallaye masu launi, kamar 'ya'yan carbi, kowanne da huda a tsakiya, an rubuta Lil' Corky a ledarsu. Wasu har da fikafikai biyu. Ya ce da su ake kama wani kifi mai suna sitilhed. Na ɗaura ɗaya a madadin totuwa, nan take dalma ta nutse da shi. Kayan ne ba su da kyau, ko ni ne ban iya ba? (Mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kayan lafiyarsu ƙalau, aikin da ka ɗora musu ne ba nasu ba. Totuwar da muka sani a saman ruwa take zama, ta riƙe dalma da ƙugiya a rataye, ta kuma nuna maka lokacin da kifi ya ci. Ɗan ƙwallon da ke hannunka kuwa can ƙarƙashin ruwa yake aiki, dab da ƙugiya. Dalma na birgima a ƙasa, shi kuma ya ɗan ɗaga ƙugiya da abincin da ke jikinta, don kada su faɗa tsakanin duwatsu, kuma don abincin ya biyo ruwa daidai saitin bakin kifi. Kamfanin Yakima Bait na jihar Washinton ne ke yin Lil' Corky, shi ne kuma ke yin mai fikafikan, sunansa Spin-N-Glo.

Dalilin nutsewarsa lissafi ne. Ruwa na tura kowane abu sama gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture. Ƙwallo mai kaurin milimita 10 rabin giram na ruwa kawai yake turewa, in aka cire nauyin jikinsa abin da ya rage bai ma kai haka ba. Wannan ya isa ya ɗaga ƙugiya ɗaya da 'yar tana. Dalma mai giram 10 kuwa ko motsa ta ba zai yi ba.

Shi sitilhed kifin ruwan sanyi ne, dangin salmon. Asalinsa kogunan da ke zuba a tekun Fasifik, daga Kalifoniya har Alaska, da yankin Kamcatka na Rasha. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kai shi manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, ya kuma zauna. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara 1 zuwa 3, ya gangara teku ya yi ƙiba, sannan ya komo kogin da ya fito don zuba ƙwai. Waɗanda aka fi kamawa kilo 3 zuwa 6 ne. Abin da ya shafi tambayarka shi ne halinsa in ya shigo kogi. Ba ya yawon neman abinci sosai. Lafewa yake kusa da ƙasa, kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, abin da ruwa ya kawo masa gaban baki shi yake cafkewa. Shi ya sa duk dabarar masu kama shi ta ta'allaƙa a kan abu ɗaya: abinci ya tafi da gudun ruwan ƙasa, kada ya fi shi sauri, kada kuma ya tsaya.

Ga yadda ake haɗin. Babban zare mai ɗaukar kilo 6 zuwa 7, wato wajen milimita 0.33 zuwa 0.35. A ƙarshensa a ɗaura majuyi, ɗan ƙarfen nan mai kai biyu da ke juyawa, a nan ake rataya dalma. Daga majuyi sai wutsiya, guntun zare mai tsawon santimita 45 zuwa 90 wanda bai kai babban ƙarfi ba, mai ɗaukar kilo 4 zuwa 5, don in ƙugiya ta maƙale ita kaɗai za a rasa. A zura ƙwallon a wutsiyar kafin a ɗaure ƙugiya, ya sauko ya zauna a kanta. Mutanen can kan ƙara ɗan ulu, santimita 2 ko 3, a wuyan ƙugiya. Yana riƙe ƙamshin abinci, yana kuma sarƙewa a haƙoran kifi ya hana shi tofar da ƙugiya da wuri. Abincin da suke sawa ƙwan kifi ne da aka tsuma da gishiri da sukari da wani farin garin sinadari mai suna boraks, ko jatan lande, ko tana.

Tambaya: Ni ɗan Maraɗi ne, aiki ya kai ni jihar Oregon. Abokan aiki sun ja ni kamun sitilhed lokacin sanyi. In na shiga kanti sai kaina ya ɗaure, ƙwallayen nan launi barkatai, lamba iri-iri. Da wanne zan fara? (Mai karatu daga Amurka)

Amsa: Malam, ka fara da ƙugiya, ka bi da nauyin abinci, launi shi ne na ƙarshe. Mai kanti ya fi son ka fara da launi, don ta nan ake sayen ashirin a inda biyar suka isa.

Lambar ƙwallo baya-baya take tafiya, in lamba ta hau girma ya ragu. Lamba 14 kusan milimita 6 ne, 12 kusan milimita 8, 10 kusan milimita 10, 8 kusan milimita 12, 6 kuma wajen milimita 16. Ƙugiya ma haka: lamba 4 ta fi lamba 1 ƙanƙanta, daga 1 sai a juya a hau 1/0, 2/0, 3/0. Kada tazarar milimita biyun nan ta ruɗe ka. In kaurin ƙwallo ya ninka, ƙarfin ɗagawarsa sau takwas yake ninkawa. Mai milimita 8 kwatan giram yake turewa, mai 12 ya kusa giram ɗaya, mai 16 ya haura giram 2.

Gwaji na farko a hannu ake yi, tun a kanti. Ka zura ƙwallon a bakin ƙugiya, tsakanin tsini da jikinta. In ya wuce bai goga ba, sun dace. In ya cije, ya yi wa ƙugiyar girma. Illarsa kuwa a lokacin fizga take fitowa: kifi ya rufe baki, ka ja, ƙwallon ya riga tsini fita ya buɗe masa baki, ko ya tokare tsinin ya hana shi shiga. Za ka ji nauyin kifi na ɗan lokaci, sannan zare ya saki. Masu yawan cewa kifi ya kuɓuce musu, in aka duba, rabin matsalar a nan take. In kana son ɗagawa mai yawa amma ƙugiyarka ƙarama ce, jera ƙananan ƙwallaye biyu ya fi sa babba ɗaya.

Gwaji na biyu a bokiti. Ka ɗaura wutsiya da ƙugiya da ƙwallo da abinci daidai girman da za ka yi aiki da shi, ka saka ba tare da dalma ba. Abin da ake so su nutse a hankali, ko su tsaya a tsakiyar ruwa suna lilo. In suka yi sama da sauri, a kogi abincin zai wuce ta saman kan kifi, a ruwa mai tsananin sanyi kuwa sitilhed ba ya tashi bin abu. In suka faɗi ƙasa tim, ƙwallon ado ne kawai. Ka lura, ƙwan kifi na raguwa bayan jifa biyar ko shida, ruwa na wanke shi. Haɗin da ya daidaita da fari sai ya koma mai tashi sama. A sabunta abinci.

Sai yanayin ruwa. In kogi ya ja baya ya yi garau har kana ganin duwatsun ƙasa, kifi na tsorata: ƙwallo lamba 14 ko 12, ƙugiya 4 zuwa 2, wutsiya santimita 90, launi mai sanyi, ruwan hoda mai haske ko fari-fari. In ruwa ya yi kore-kore, kana hango abu a zurfin santimita 60 zuwa mita 1, wannan shi ne ruwan da masana ke jira: lamba 10, ƙugiya 1 ko 1/0, wutsiya santimita 60, launin lemo ko ruwan hoda mai ƙarfi. In kuwa ruwan sama ya dama kogi, a koma lamba 8 ko 6, ko mai fikafikai, ƙugiya 2/0, wutsiya santimita 45, launi mai ɗaukar ido, rawaya mai kore ko ja mai ƙuna. Launi huɗu a lamba uku sun ishe ka shekara.

Mai fikafikai yana da nasa sharaɗi. A sa ɗan dutsen kwalliya mai santsi tsakaninsa da ƙugiya, in ba haka ba ƙulli ko ulu zai riƙe shi ya ƙi juyawa.

Amma duk wannan ba ya aiki in dalma ba ta daidaita ba. Ka jefa ɗan sama da inda kake tsaye, wato wajen da ruwa ke fitowa, ka naɗe ragowar zare, ka ɗaga sanda ka bi shi da ita har ya gangara. Dalmar da ta dace tana taɓa ƙasa tana tashi, ka ji ƙwas a hannu duk bayan mita 1 ko 2. In tana jan ƙasa ba tsayawa, ta yi nauyi, abinci zai riƙa tafiya ƙasa da gudun ruwa, ga yawan maƙalewa. In ba ka ji komai ba har ƙarshen tafiya, ba ta kai ƙasa ba. Shi ya sa suke sayen dalma doguwa siririya su riƙa yanka da filaya, kowane gurbi da nasa tsawo. Cin sitilhed kuma ba fizga ba ne. Ƙwas-ƙwas ɗin ne zai tsaya, ka ji wani taushi mai nauyi. Nan ake ɗaga sanda.

Kada ka taka bakin kogi sai da lasisi da littafin dokokin jiha na wannan shekara, don doka na bambanta daga kogi zuwa kogi. A wurare da yawa kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo kaɗai ake tafiya da shi gida, alamarsa an yanke ɗan ƙaramin fiffiken da ke bayansa kusa da wutsiya. Wanda nasa ke nan na daji ne, a ruwa ake sakinsa. Wasu kogunan ma sun hana sa abinci ko ƙugiya mai ƙaya.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Mun ga kifin nan a waya, ya burge mu. Ana iya zuba shi a tafkinmu? Shi kuma ƙwallon, yana da amfani a ruwan da ba ya gudu? (Wani masunci daga Madarumfa)

Amsa: Baba, kifin ba zai rayu ba. Ruwan da yake so bai wuce digiri 15 ba, in ya haura 20 ya fara wahala, wajen 25 mutuwa yake. Ka tuna zafin Afrilu da Mayu a nan, lokacin da iska ke haura 40. A Afirka inda danginsa na ruwan daɗi suka zauna ƙasashen tsaunuka ne masu sanyi, irin Lesoto da tuddan Kenya.

Ƙwallon kuwa yana da amfani, sai dai aikinsa ya sauya. A kogi ruwa na kwantar da wutsiya, abinci ya tashi kaɗan. A tafki babu abin da ke tura ta, don haka ƙwallon zai miƙar da ita tsaye: wutsiya santimita 30, abinci ya tsaya santimita 30 a saman dalma. Ka ga ke nan a inda ƙasa taɓo ce ko ciyawa, tana ba za ta nutse a laka ta ɓace ba. A nan ana son ƙwallon ya ɗan fi ƙarfin abinci, saɓanin na kogi. Ga tarwaɗa a gajarta wutsiya, santimita 15 zuwa 25.

Tambaya: Ina fatsa a gulbi wajen Tsibiri. Totuwata ko dai ta kwanta ruwa ya tafi da ita, ko ta nutse in fizga ba komai. A kasuwa na ga na kanti an rubuta 5g, 10g, 20g. Me lambar ke nufi, kuma wacce zan saya? (Mai karatu daga Tsibirin Gobir)

Amsa: Ɗan'uwa, lambar nauyin da totuwa ke iya ɗauka ne, a giram. Kuma jimilla ake nufi: dalma da majuyi da ƙugiya da abinci gaba ɗaya. Wanda ya sa dalma giram 10 a totuwa mai 10, ya kuma rataya hanjin kaza, ya riga ya nutsar da ita tun bai jefa ba.

Ruwa ne ke zaɓen dalma, dalma ta zaɓi totuwa. Ka tambayi kanka giram nawa za su kai abinci ƙasa da wuri a wannan gurbi. A ruwa mai tafiya a hankali da bai wuce mita 1 ba, giram 3 zuwa 5 sun isa. Mita 1.5 zuwa 2 mai gudun tafiyar mutum, giram 6 zuwa 11. Babban ruwa mai zurfi da ƙarfi, 15 zuwa 30. Masu kama sitilhed ma haka suke rabawa: a ƙananan kogunan da ke zuba a manyan tafkunan Amurka da Kanada ƙananan totuwa suke sawa, a manyan kogunan yammacin Kanada kuwa giram 20 zuwa sama.

Siffa ma tana da magana. Doguwa siririya ta ruwa mai kwanciya ce, ko ɗan taɓi aka yi za ta nuna, amma ruwa mai murɗawa na tsotse ta ƙasa, shi ne nutsewar da kake fizga ba komai. Ruwan gulbi na son mai kauri a kafaɗa, siririya a ƙasa, da kai mai kauri da za ka hango daga mita 20. A loda mata nauyi har jikinta duka ya shige, kai kawai ya rage, santimita 1 zuwa 2. In rabin jiki na waje, kifi na jin turjiya da zarar ya ja, sai ya saki. Iska ma ta samu abin turawa.

In zurfin bai kai tsawon sandarka ba, a kafe totuwa a zare da 'yan zobban roba biyu, sama da ƙasa. Robar bawul ɗin keke na yi. In ya fi sanda, ba za ka iya jifa ba sai da mai zamewa, wadda zare ke bi ta cikinta. A ɗaura ƙullin tsayarwa da wani guntun zare a kan babban, a sa ɗan dutsen kwalliya a ƙarƙashinsa don kada ƙullin ya shige hudar, sannan totuwa. Matsar da ƙullin shi ne sauya zurfi.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba: ruwan da ke saman gulbi ya fi na ƙasa gudu, domin ƙasa na riƙe na kusa da ita. Totuwa na cikin mai sauri, abinci na cikin mai nawa, sai ta wuce gaba tana jan sa. Magani biyu ne. Na farko a tara kashi biyu cikin uku na dalma wuri ɗaya, santimita 40 zuwa 50 sama da ƙugiya, sauran a rarraba ƙanana zuwa ƙasa, mafi ƙanƙanta ita ce ta kusa da ƙugiya. Ƙananan dalma masu tsaga da ake matsewa a zare suna da awo: mai alamar BB giram 0.4, AAA 0.8, SSG 1.6. Na biyu a riƙa ɗan riƙe zare da yatsa yayin da yake fita, totuwa ta rage gudu, abinci ya shiga gaba.

Totuwar da kanta za ta gaya maka halin da ake ciki. In kanta ya karkata gangare, inda ruwa ya dosa, tana tsayawa tana nutsewa, dalma ko ƙugiya na jan ƙasa, ka rage zurfi. In ta kwanta shame-shame, ko dalma ta zauna a ƙasa ko nauyin ya yi kaɗan. In ta karkata sosai wajenka, riƙon ya yi yawa, abinci ya tashi sama. A tsaye, ko da ɗan karkata kaɗan zuwa inda ruwa ke fitowa, shi ne daidai. Wajen neman zurfi ka fara da kaɗan, ka riƙa ƙara santimita 15 duk jifa har ta fara taɓa ƙasa, sannan ka rage 15. Kada kuma ka bar zare ya kwanta a ruwa ya yi ciki, zai ja totuwa gefe. Ɗaga sanda.

Tambaya: Ni ɗan makaranta ne, ba ni da kuɗin na kanti. Da me zan yi nawa, kuma ya zan san giram ɗinsa ba ni da sikeli? (Wani ɗalibi daga unguwar Ɗan Gulbi)

Amsa: Ɗana, tsohon silifa ya fi komai. Totuwar kara na da sauƙi, amma tana shan ruwa, wadda ta ɗauki giram 4 da safe kafin hantsi ta fara nutsewa, sai in ka shafe ta da narkakken kyandir ko jan farce, musamman bakinta biyu. Farin soson da ke cikin kwalin firji ya fi kowa rashin nauyi, sai dai yana marmashewa, kuma fentin mai da fetur na narkar da shi. Ƙayar beguwa da gashin fiffiken talo-talo na karfasa ne a ruwa mai kwanciya. Silifa ba ya shan ruwa, ba ya karyewa, reza na yanka shi.

Guntu mai santimita 2 da 2, tsawo 3, na ɗaukar giram 8 zuwa 10 kafin a fere shi. In ka fere kusurwoyi ka sirantar da ƙasa, zai koma wajen 6. Ka soka tsinken tsire ta tsakiya, santimita 2 a sama, 6 zuwa 8 a ƙasa, wannan doguwar ƙafa ita ke hana shi rawa a ruwa mai murɗawa. Kan ka shafa masa ja ko launin lemo. In rana na gabanka tana ƙyalli a ruwa, baƙi ya fi fitowa. Mai zamewa kuwa, bututun tawadar biro da ya ƙare za ka wanke ka soka a madadin tsinken.

Sikeli yana aljihunka. Kwabon dala, wato sefa 5, giram 3 ne, na dala biyu giram 4, na dala biyar giram 8. Ka ɗora rula a kan biro ta daidaita, kuɗi a wannan baki, dalma a wancan, tazararsu da tsakiya ɗaya. Ka riƙa rage dalma har rula ta tsaya. Daga nan sai bokiti, ka ga nawa totuwar ke ɗauka, ka rubuta lambar a jikinta.

Ɗan ƙwallon ƙugiya ma daga silifan ake yi. Ka yanka, ka goge kusurwoyi a kan siminti, ka huda da allura mai zafi. In yana gudu sama a wutsiya, ka cusa tsinken sakace a hudar ka karye. Ga gulbinmu ka manta da launi. Ruwan damina ja ne, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki, tarwaɗa kuwa da gashin bakinta takwas take neman abinci, ƙamshi da ɗanɗano take bi. Abin da ƙwallon zai yi maka shi ne hana rairayi binne tana. Wutsiya santimita 30 zuwa 40, zare milimita 0.35 ko 0.40, ƙugiya 1/0 da ƙwallo milimita 10 ga tana. Hanjin kaza ko ɗan kwaɗo na son ƙugiya 3/0 da ƙwallo milimita 12 zuwa 14. Ka nemi inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, bayan kwana ko bayan kututture, nan kifi ke fakewa.

Kuma kada ka shiga ruwa. Gulbi daga wajen Katsina yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, yana iya ƙaruwa ko ba a yi ɗigo a Maraɗi ba, gaɓarsa kuma rairayi ce mai zaftarewa. Ambaliyarsa ce a 1945 ta sa garin nan ya tashi daga fadama ya hau tudu.

Tambaya: Yarana suna fasa tsohon batirin mota su narka dalma a gwangwani a kan murhuna, wai ta fatsa. Na kuma ga suna matse ta da haƙori. Akwai illa? (Wata uwa daga unguwar Bagalam)

Amsa: Hajiya, akwai, babba ma. Ki hana su yau. Dalma guba ce da ke taruwa a jiki, ta fi yi wa yara illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jini, kuma ba ta nuna alama da wuri. Maƙwabtanmu na Zamfara sun gani a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Ruwan batir kuma yana ƙona fata da ido. A matse dalma da filaya, a wanke hannu kafin cin abinci, kada a narka ta inda ake girki ko a cikin ɗaki.

Suna ma iya yi ba ita. Su samo igiyar takalmi mai rami a ciki, su yanka santimita 4 zuwa 8, su cusa 'ya'yan boris na keke, su ƙona baki biyu da ashana su matse. Masu kama sitilhed na yin irin wannan da igiyar laimar saukowa daga jirgin sama, don tana lanƙwashewa ta zame a inda dunƙulalliyar dalma ke cijewa. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, sai a ƙara tsawo. Noti ma na yi. A rataye shi a majuyi da zaren da ya fi na wutsiya rauni, in ya sarƙe a saiwa shi kaɗai zai tsinke.

Tambaya: Duk lokacin da na jefa, wutsiya na naɗewa a babban zare, in jawo in tarar da ƙugiya ta hau dalma. (Mai karatu daga Gidan Rumji)

Amsa: Malam, abu uku ke kawo haka. Dalma ta fi ƙugiya nauyi, a iska ita ke gaba, wutsiya na biye da ita a jikin babban zare, in suka faɗa ruwa a haka sai su cakuɗe. Dab da za su sauka ka taɓa zare da yatsa, dalma ta tsaya, ƙugiya ta wuce gaba ta miƙe. Jifan ma a yi shi daga gefe, a sassauce, ba da ƙarfin kafaɗa ba. Na biyu, wutsiya ta yi tsawo ko ta yi laushi: ka rage ta zuwa santimita 40, ka kuma gajarta zaren da dalma ke rataye a kai, kada ya wuce santimita 5. Na uku abinci ne. Tanar da aka soka a lanƙwashe, ko hanjin da aka bar masa dogon jela, juyawa suke a ruwa su murɗe zare. Ka soka tana ta miƙe a jikin ƙugiya, ka gwada a gabanka kafin ka jefa. In tana juyi, sake sokawa. Ka duba majuyin ma, rairayin gulbi na shiga cikinsa ya ƙame shi. Ka murza shi da yatsa bayan kowane 'yan jifa, wanda ya cije a kurkure shi, in ya ƙi a canza.